Ana Jiran Khorog

Litinin, 7 ga Oktoba, tara da rabi na safe

Ulmas ya zo da kansa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin na'urori, hannu a ƙirji, yana ta goge takalmi kamar wanda ya taka wani abu.

"Sayyora-opa, ran talatin da ɗaya ga wata za a kashe ɗakin nan, a kwashe komai. Wallahi ba ni na yanke ba."

Har yanzu opa yake ce min, wato yaya. Na ce na ji. Na ɗauko buta na cika masa kofin shayi taf har baki. Ya dubi kofin, ya san korarsa nake yi, ya kurɓa sau biyu ya fice. Mutumin da ni na koya wa riƙe sukudireba, yau shi ne mataimakin darakta. Allah mai iko.

Tun da maigidana ya rasu ba ni da wanda zan koma gida in yi wa mita, shi ya sa na dawo wa rubutu.

Shekara ashirin ke nan da muka haɗa Karvon, wato ayari. A lokacin mu bakwai ne, garuruwa bakwai, kowa da 'yan kwamfutocinsa da ba su isa yin wani aikin kirki su kaɗai ba. Muka ɗaure su da layi ɗaya suka riƙa aiki tare. Yau saura mu uku: ni a nan Tashkent, Toktobek a Bishkek, sai Muallim Davlatnazar can Khorog, a cikin duwatsun Pamir. Sauran, wasu sun yi ritaya, wasu sun koma hayar na'urorin ƙasar waje.

Aikin da ke kanmu na Muallim ne. Shekara arba'in yana hawa dutse yana auna ƙanƙarar da ke kwance saman ƙauyensu, Nimdara. Tambayarsa ɗaya ce: nan da shekara ɗari, rafin da ƙauyen ke sha zai ci gaba da gudu ko zai ƙafe? Tun farkon shekarar nan muke lissafin, kuma muna shekara ta tamanin da biyu cikin ɗarin. In aka ci gaba da wannan tafiyar hawainiya, sai Disamba za mu kai ɗari.

Ɗakin nan ba zai kai Disamba ba. Shi kuma Muallim, to, Allah dai ya ba shi lafiya. So nake ya ji amsarsa da kunnensa, iyakar abin da nake so ke nan.

Talata, 8 ga Oktoba, goma da kwata na safe

Na rubuta "Shayi ya yi" da takwas. Toktobek ya rubuta nasa bayan minti kaɗan, har da ƙarin cewa nasa da madara. Sai muka zauna.

Wata ɗalibar Ulmas ta leƙo ta ga ina zaune hannu rabbana, ta ce me ya sa ba na danna maɓallin kawai. Na ce mata a gidanku kina kai hannu kwano kafin kakanki ya karya gurasa? Ta juya ta koma.

Haka muke tun ranar farko. Da yamma a tsayar da aiki, kowa ya ajiye inda ya tsaya, don a da wutar Khorog ba ta kwana, yanzu kuma tsohuwar na'urarsa ba a barinta ita kaɗai, zafi take ɗauka. Da safe kowa ya rubuta "Shayi ya yi" a allon da muke magana, Muallim shi ne babba, shi zai zo ƙarshe ya rubuta "Bismillah". Kafin nan ba mai taɓa komai.

Yau sai goma saura Bismillar tasa ta shigo. Har da kuskuren harafi, shi da ba ya kuskure.

Talata, uku na rana

Na'urorina sun gama nasu tun ɗazu, fankokinsu sai huci suke a banza. A ƙasan allo ga rubutun nan da na haddace fiye da lambar wayata: Ana jiran Khorog.

Alhamis, 10 ga Oktoba, biyar na yamma

Ɗalibar nan ta sake dawowa, ashe abin ya tsaya mata a rai. Na zana mata a bayan kwalin shayi. Mun yanka taswirar duwatsun gida uku, kowa da yankinsa. Na'urarka za ta lissafa dusar da ta zuba a yankinka da ƙanƙarar da ta narke na wata guda, sannan ta miƙa wa maƙwabciyarta abin da ya tsallaka iyaka, ruwa ne ko iska. Ba wanda zai shiga watan gaba sai kowa ya miƙa nasa. Saboda haka komai gudunka, da ƙafar na baya za ka yi tafiya.

Ta ce, "To ai sai a rage wa na bayan kaya."

Ka ji yara. Kamar mu shekara ashirin ba mu taɓa tunaninsa ba.

Ina hanyar gida a jirgin ƙasa sai ga tafiyarmu ta farko zuwa Khorog ta dawo min. Kwana biyu a babbar mota daga Dushanbe, kwamfutoci huɗu naɗe cikin barguna, ni a gaba kusa da direba ina ta salati, Toktobek a baya yana amai yana rantsuwa shi ɗan dutse ne, ƙwan da ya ci ne ya ɓata masa ciki. Muka isa a galabaice. Muallim ya tarye mu a bakin titi da hular ulu, ya kai mu gidansa mai ginshiƙai biyar da taga a rufi. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta kawo shayin madara da gishiri da man shanu. Na kurɓa na kusa furzarwa, Muallim ya ce, "Haɗiye, 'yar birni, gobe ke za ki nemi ƙari." Na kuwa nema.

A ranar ya kafa mana sharaɗinsa. Lokacin yaƙin basasar ƙasarsu ya taɓa aika awon shekara goma sha wani abu zuwa wani ofis a birni don a adana masa, ofishin ya ƙone ƙurmus. Tun daga nan ya rantse. "Ku karɓi abin da ya tsallaka iyaka," ya ce, "amma dutsena a gida yake kwana." Awonsa ba ya barin na'urarsa, ko kwafi.

Bayan shekara biyu masu ba mu tallafi suka zo da zane-zanensu, suka nuna mana cewa Khorog ce ke jan Karvon baya, a cire ta. Mu shida muka ce in za a cire Khorog a haɗa da mu. Toktobek har da dukan tebur. Kai, a lokacin muna da jini a jika.

Juma'a, 11 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Ana jiran Khorog.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Na je kasuwa don rumman, na dawo da abin da ban je saya ba, rumman ɗin kuma na manta. Ina neman garin shayi a kabad na ci karo da buhun tut ɗin da Muallim ya aiko bara. Kowace kaka yana aiko mana busassun 'ya'yan tut na bishiyar ƙofar gidansa, ta hannun direbobi. Bana bai zo ba. Saura ɗan kaɗan a gindin buhun, na ci biyu na ɗaure na mayar.

Litinin, 14 ga Oktoba, tara na safe

Yau abin da ya fito a allo shi ne: "Baba ya ce Bismillah."

Wannan ba rubutun Muallim ba ne. Na kira. 'Yarsa Savsan ce, mai ce min khola, wato inna, wadda na sani tana 'yar makaranta da kitso biyu, yanzu ita ke koyar da lissafi a sakandare, da 'ya'yanta uku.

"Khola, ni zan riƙa kunna na'urar kafin in wuce makaranta. Ya nuna min yadda ake yi. Ya ce in gaya miki kada ki kuskura ki fara kafin ya yi magana, yana nan yana ji."

Na ce yaya jikin nasa. Ta ce satin da ya wuce sun je Dushanbe sun dawo, likitoci sun ce ya fi samun hutu a gida, cikin 'yan'uwa. Na ce haka ne, gida daɗi. Na tambaye ta yara, na tambaye ta sanyi. Ban tambaye ta komai ba bayan wannan.

Laraba, 16 ga Oktoba, biyu na rana

Raina a ɓace yake, bari in rubuta ko zan huce.

Ulmas ya shigo da kwamfutarsa a hannu yana fara'a, wai ya samo mafita. Akwai na'urorin haya da cibiyar da muke wa aiki ta riga ta biya. In aka ɗora aikin gaba ɗaya a can, tsakanin azahar da la'asar an gama.

Na ce to da awon Muallim fa?

"Opa, ai Savsan tana da mabuɗin yanzu. Ta kwafo mana shiru, ba sai an ɗaga masa hankali ba. Don shi za a yi fa."

Na ce, "Wato in sa 'ya ta saci kayan ubanta yana kwance?"

"Haba opa, sata kuma?"

"To me sunanta a makarantar da ka yi?"

Ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi ba sai na ce ya zauna. Ya ce, "Ni ma Muallim ya koyar da ni. In ya tafi bai ji amsar ba, wa kika kyauta wa?"

Na ce masa ba inda Muallim zai je. Na ce ya tashi min daga kujera. Har da ɗaga murya, har 'yan ɗakin gaba suka leƙo.

Ba wai ƙarya ya yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba, takwas da rabi na safe

Shekara ta tamanin da huɗu. Baba ya ce Bismillah. Ana jiran Khorog.

Juma'a, 18 ga Oktoba, huɗu na yamma

Toktobek ya kira. Shi kaɗai ke ce min eje, wato yaya da yarensu, kuma duk sanda ya ja kalmar na san da magana a bakinsa.

"Ejeee. Kin ga shekarar da muke?"

"Ina da ido."

"To ki kira tsohon ki roƙe shi mana. Ya ba mu rabin kayansa mu ɗaukar masa, ni da ke. Ba haya, ba baƙo. Sati ɗaya mun gama."

"Kai me ya ci bakinka?"

"Ni in na ji muryarsa kuka zan fashe da shi, kin san ni. Ke kuwa zuciyarki ƙarfe ce."

"Ji min ƙato, gemu fari fat yana tsoron waya."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Sai na ji ƙarar ashanarsa, shi da ya rantse min ya bar taba tun bara.

Ga inda matsalar take. Sau nawa muka roƙi Muallim wannan abu cikin shekara ashirin, da wasa da gaske, kullum amsarsa ɗaya: "Gaggawar me kuke? Ƙanƙarar nan ta girmi kakanninku." In na roƙe shi yanzu, zai ce gaggawar me. Ni kuma sai in ce masa me?

Asabar, 19 ga Oktoba, goma na safe

Ba Bismillah. Ba layi. Waya ba ta shiga.

Asabar, biyar na yamma

Toktobek ya ce ƙasa ce ta zabtare a hanyar Khorog ta tsinka layin, wani direba ya gaya masa. Ƙasa ce kawai. Kowace kaka ana yi. Na wanke kofunan ɗakin nan duka, har da na mutanen da suka bar aiki tuntuni.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Har yanzu shiru. Na zo ofis ko da yake Lahadi ce, mai gadi yana ta kallona. Wata shekara layin ya taɓa yin kwana tara a tsinke, sai ga faifai ya iso a aljihun direba cikin buhun tut, da abin da ya tsallaka iyaka na wata guda a ciki. Muka yi ta dariya, Toktobek ya ce wannan ne layi mafi sauri da Khorog ta taɓa samu. A lokacin kwana tara ba komai ba ne.

Litinin, 21 ga Oktoba, sha biyu da rabi na rana

Layi ya dawo. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Na kira, na ce wa Savsan ta ba shi. Na shirya maganata tun a jirgi, har na maimaita ta a bakin madubin banɗaki.

"'Yar birni," ya ce. Muryar ta yi siririya, sai na toshe ɗaya kunnen. "Kin tsorata ko? Dutse ne ya yi atishawa."

Na ce wa ya tsorata. Na ce ina tut ɗina na bana, ko rowa ya koya da tsufa. Ya ce bishiyar ta yi 'ya'ya har rassa na karyewa, masu hawa ne suka yi ƙaranci. Muka yi ta surutu a kan tut. Tut! Ni Sayyora, da bakin nan nawa da darakta ke gudu.

Can ya ce, "Wace shekara muke?"

"Tamanin da biyar."

"Ulmas ya ce yaushe zai rufe miki ɗaki?"

Ban san ya sani ba. Na ce ƙarshen wata.

Ina jin numfashinsa. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne, "Ka dai riƙa shan magani."

"To," ya ce. "Gai da Toktobek. Ki ce masa ina jin warin tabarsa daga nan."

Na ajiye wayar ban roƙi komai ba. Ragguwa ce ni.

Talata, 22 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Yau shi da kansa ya rubuta. Savsan ta ce tun asuba ya tayar da rigima, sai an kai shi ɗakin na'urarsa. 'Ya'yan ƙaninsa biyu suka ɗauke shi a kujera, naɗe da bargo, suka haura da shi bene. Ya yi fiye da awa yana danna haruffa da yatsa ɗaya, ya hana kowa taya shi. Ga abin da ya zo mana:

"Ni ma na iya lissafi. Toktobek, ɗauki ƙanƙarar arewa duka, tunda kana iƙirarin kai ɗan dutse ne. Sayyora, ɗauki kwarin kudu da gangaren, ba ki iya hawa ba. Nimdara kaɗai na riƙe. Amana ce, kada ku ba 'yan haya. Bismillah."

Ya buɗe ƙofar na'urarsa. Awon shekara arba'in ya fara gangarowa ta siririn layin nan.

Toktobek ya kira yana ta jan hanci, wai mura. Ni ban yi kuka ba, haushi ne ya kama ni. Shekara ashirin muna roƙon mutumin nan yana ƙi, yau ya raba dutsen nasa da hannunsa, ba wanda ya tambaye shi. Da ma ya ƙi. Wallahi da na fi son ya ƙi, ya ce min gaggawar me.

Laraba, 23 ga Oktoba, uku na rana

Yana ta saukowa a hankali. Na zauna ina kallon layin yana cika kamar mai gadin tukunya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, goma na safe

Mun tayar da aikin da sabon rabo. Aka gama watan farko kafin in ƙarasa zuba shayi. Na duba ƙasan allo don in ga rubutun da na saba, sai na ga: Ana jiran Tashkent.

Na karanta sau uku. Na yi dariya har na riƙe tebur, daga nan ban san lokacin da dariyar ta juye ba.

Toktobek ya rubuto: "Eje, ɗaga ƙafa mana, kin tsufa." Na ce masa gangaren da aka ba ni ya fi ƙanƙararsa wuyar lissafi, ya tambayi duk wanda ya sani.

Juma'a, 25 ga Oktoba, biyu na rana

Na lura tun safe na'urorina sun ƙara gudu. Na bincika, ashe Ulmas ne ya kwashe ayyukan ɗalibansa duka daga kansu ya mayar wani wuri, ya bar min filin ni kaɗai. Bai ce min komai ba. Da ya zo wucewa na kira shi, na zuba masa shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa wanda ake so ya zauna, ya shanye na ƙara masa, ya shanye na ƙara. Ya zauna har aka gama shekara ta tamanin da tara. Ya ce ya tuna ranar da Muallim ya sa shi sake lissafi sau shida saboda ya zagaye lamba ɗaya.

Ban ba shi haƙuri ba, amma na ba shi tut biyu daga waɗanda na ɗebo a jakata.

Asabar, 26 ga Oktoba, huɗu na yamma

Casa'in da biyu. Khorog ce ke fara gamawa kowane wata, ta zauna tana jiranmu. Har yanzu idona bai saba ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, tara na safe

Savsan ta kunna duk da ba ranar aiki ba ce. Baba ya ce Bismillah. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Litinin, 28 ga Oktoba, takwas da rabi na safe

"Bismillah" kawai ta rubuta. Ba "Baba ya ce".

Na kira. Ta ce barci yake yawan yi, tun jiya ruwa kaɗai yake karɓa a cokali. 'Yan'uwa sun sauko daga Nimdara, gidan ya cika. Ta ce in ya farka abu ɗaya yake tambaya, wace shekara.

Casa'in da bakwai. Na tsaya a gaban na'urorin nan ina yi musu magana kamar mai kora jaki. Ku yi sauri mana, don Allah ku yi sauri.

Talata, 29 ga Oktoba, biyar da rabi na yamma

An gama da uku da 'yan mintuna. Ɗari.

Na buɗe zanen rafin Nimdara. Ruwan zai ƙaru na wasu shekaru, ƙanƙara na narkewa da yawa, daga nan ya fara ja da baya. A shekara ta ɗari saura wajen kashi ɗaya cikin uku. Siriri ne, amma yana gudu. Lissafi ne dai, ba wahayi ba, amma abin da lissafin ya ce ke nan. Na sa Toktobek ya duba ta wurinsa, ya ce haka ya gani.

Na kira. Savsan ta ce idonsa biyu, ta kara masa wayar a kunne, ta buɗe murya yadda 'yan ɗakin za su ji.

"Muallim, mun kai. Rafin bai ƙafe ba. Ya rame, amma yana nan."

Na ji mutane a bayansa suna ta hamdala, wata tsohuwa na tambaya me aka ce, me aka ce. Shi shiru. Har na ɗauka bai ji ba, na fara maimaitawa, sai Savsan ta ce, "Khola tsaya, yana magana." Ta sunkuya ta saurara ta faɗa min.

"Wai ruwan ya isa tut?"

Na ce ya isa tut, ya isa ɗan dankali ma in ba su yi ɓarna ba.

Sai na ji muryarsa da kaina, ƙasa-ƙasa. "Wa ya zo na ƙarshe?"

Na ce, "Tashkent."

Wani sauti ya fito, na tsorata, ashe dariya yake. "Shekara ashirin," ya ce, "ina jiran in ji wannan."

Na ce kada ya saba, sau ɗaya ne. Savsan ta karɓi wayar ta ce ya gaji.

Ya ji. Da kunnensa ya ji. Na gode wa Allah.

Laraba, 30 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Savsan ta kira da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Muallim Davlatnazar.

Laraba, huɗu na yamma

Na kwafe kwarin kudu da gangaren a faifai biyu. Ɗaya zai koma Khorog ta hannun direba, ɗaya zai kwana a gidana, a kabad, kusa da buhun. Toktobek ya yi haka da nasa. Ya ce gobe kada kowa ya kashe shi kaɗai, mu kashe tare yadda muke kunnawa. Ya ce ya gaya wa Savsan, ta ce duk da zaman makoki za ta fita na minti goma.

Alhamis, 31 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Masu kwasar kaya sun iso tun bakwai da rabi da igiyoyinsu. Ulmas ya tsayar da su a baranda, ya aika aka sayo musu samsa, burodin nan mai nama a ciki, ya ce ba mai shiga sai na fito.

Da takwas na rubuta "Shayi ya yi". Toktobek ya rubuta nasa, yau ba zancen madara. Can sai ga Khorog ta kunno, Savsan ta rubuta "Shayi ya yi".

Na zuba shayina na zauna. Fankoki na ta huci. Na tuna bargunan da muka naɗe kwamfutoci da su, na tuna shayin gishiri, na tuna mu bakwai a hoto ɗaya a bakin kogi, kowa gashinsa baƙi. Shayin ya huce na zubar na sake wani. Ɗaya daga cikin masu kwasar kaya ya leƙo, Ulmas ya ja shi baya. Ni dai ina zaune ina kallon allo, hannuna a cinya, kamar kowace safiya.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai ga rubutun Toktobek.

"Eje, ke muke jira. Ke ce babba yanzu."

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na goge fuskata da bakin mayafi, na jawo allon haruffa, na rubuta Bismillah da yatsa ɗaya, na kashe.